Shekarar da Asabar ta Faɗo Ranar Laraba

Kafin in fara, gara in faɗi wani abu don kada a kama ni da ƙarya daga baya. Abin ya ɗan daɗe, kuma ciwon da zan yi magana a kansa yana taɓa tunani, har akwai watannin da in na waiwaya sai in ga kamar ta bayan labule nake kallonsu. Na cika kaye uku da rubutu a lokacin, littafin nan mai layi-layi na ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, amma akuyar maƙwabta ta cinye kusan rabin na biyun. Saboda haka inda na ce wataƙila, to wataƙila ɗin nake nufi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne samarin fada, wato majalisar hira, da ke zama daura da rumfarmu a Zango, nan Damagaram. Kwanan baya na ji ɗayansu yana cewa bugun shadda ba sana'a ba ce, duka ne kawai, ko jaki aka ba ɗan bugu zai iya. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da na fara zuwa. Ina da lisansi, wato digiri, a ilimin ƙasa daga Yamai, na yi sarwis, na zauna konkur, jarrabawar ɗaukar aiki, sau uku ban samu ba. Ilu, ɗan kawuna daga garin Dogo, wanda taubashina ne, shi ya ja ni zuwa rumfar maigidansa Baba Kiyari. Ya ce, “Zo bawana, ga aikin da ba a neman diplom.” Tun ranar ya laƙaba mini suna Lisansi, har yau rabin Zango ba su san sunana Laminu ba.

Rigar farko da na taɓa farar shadda ce ta wani ɗan kasuwa, mai aiki a wuya har ƙirji. Baba Kiyari ya fita alwala, na ce bari in nuna masa ɗan jami'a ya zo. Na shimfiɗa ta a kan gungume, na ɗaga ɗan bugu, na sauke a tsakiyar aikin. Zaren ya tsinke wuri huɗu. Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ɗaga rigar ya duba ta a rana, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, “Mushe, a can Yamai da guduma ake buɗe littafi?” Wata uku ban sake riƙe ɗan bugu ba. Ninki kawai nake yi, da dama ƙaro, da fesa ruwa.

To ku saurara, samari. Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai gungume, wanda namu na maɗaci ne, an binne rabinsa a ƙasa, bayansa ya yi sumul kamar goshin jariri. Akwai ɗan bugu, gudumar itacen kirya mai nauyin da in ka ɗaga sau goma za ka yi dariya, in ka ɗaga sau ɗari biyar za ka tuna da mahaifiyarka. Akwai ƙaro da ake jiƙa shadda a ciki ta bushe ta yi ƙarfi. In ya yi kauri riga ta tsage a ninki, in ya yi ruwa ba za ta yi ƙyalli ba ko ka yini kana duka. Sai ruwan fesawa, wanda Baba da baki yake fesa shi, siriri kamar raɓa. Na yi sati biyu ina jiƙa gaban wandona kafin in iya.

Amma asalin sana'ar yana tsakanin mutum biyu ne. Kuna zaune kuna fuskantar juna, gungume a tsakani, naka ya sauka nasa ya tashi, nasa ya sauka naka ya tashi, hannun hagu yana jan riga kaɗan-kaɗan. In ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, itace ya haɗu da itace, zafin ya bi wuyan hannu har haƙori, wani lokaci rigar mutane ta huje. Shi ya sa Baba yake da doka ɗaya da ba ya sassautawa: gungumensa mutum biyu ne, ba ɗaya ba, ba uku ba. Da ƙarfinsa ya ja baya, ya koma kan tabarma da carbinsa, ni da Ilu muka gaji wurin. Mun yi shekaru da dama haka. Mata a cikin gidaje suna gane bugunmu daga nesa. An ce ma har akwai masu daka da shi, ko da yake wannan Ilu ne ya faɗa, kuma Ilu yakan ƙara gishiri.

Dole in yi maganar Alhamis, don in ba a gane ta ba, ba za a gane sauran ba. Mutumin Damagaram ba ya tuna akwai Juma'a sai ranar Alhamis da hantsi. Litinin muna zaune muna korar ƙuda, Talata riga biyu, Laraba uku. Alhamis kuwa sai ka ga kabu-kabu, baburan haya, suna sauke ƙullin kaya kamar ana gudun hijira, kowa yana cewa tasa ce ta gaggawa. Mukan buga riga ashirin, wani lokaci fiye, daga safe har rana ta yi ja. Haka muka taras, haka kowace rumfa take yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Muguwar shekarar ta fara da masassara a ƙarshen damina. Na je dispansar, aka ce palu ce, wato zazzaɓin cizon sauro, na sha magani, zazzaɓi ya tafi. Ƙarfina ne bai dawo ba. Na koma aiki ina jan jiki, na yi Alhamis ɗina yadda aka saba, na je masallacin Juma'a lafiya lau. Ranar Asabar da safe na buɗe ido na ce wa ƙafata ta sauka daga gado, ta ƙi. Ba ciwo ba ne irin wanda za ka nuna da yatsa. Kamar an zare ƙasusuwana an cika wurin da jiƙaƙƙen yashi. Na yi barci amma kamar ban yi ba. Hasken taga yana sukar idona, maganar mutane tana yi mini nauyi. Na so in ce a miƙo mini buta, kalmar buta ta ɓace, na ce a ba ni abin nan mai hanci. Zuwa Talata na ɗan farfaɗo, Laraba na ji dama, Alhamis na yi bugu. Asabar ta sake kayar da ni. Ta gaba ma haka.

Inna, mahaifiyata, ita ta fara lura. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana magana da bango. Ta ce, “Wannan na ciki, ranar Asabar ya fara kwanciya ko? To shi ke nan. Abin da ya fara ranar Asabar ai sai ya yi ta maimaitawa.” Tsofaffinmu suna da wannan camfin, kuma ina so a rubuta cewa ni ban yarda da shi ba. Na yi mata bayani a natse cewa ranaku lissafi ne na ɗan Adam. Ta ce wa bango, “To mai lissafi ya tashi mana.” Ban iya tashi ba.

Neman magani kuwa, ba inda ban je ba. An auna jinina an ce ya fi na mai aunawar kyau. An duba sukari, an duba tansiyo, wato hawan jini, an ɗauki hoton ƙirji. An yi mini maganin taifot sau biyu ba tare da an tabbatar ina da ita ba. An ɗaura mini ruwa har na san kowace tsaga a rufin ɗakin. Matsalar ita ce ranar da nake iya zuwa likita ita ce ranar da na ji sauƙi, sai in shiga da ƙafata, fuskata fes, ina cewa ina mutuwa. Wani ma'aikaci, ba zan faɗi inda yake ba, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai dai ka gaji da aikin hannu ne, ɗan boko.” Na fito da ordinansin bitamin na huɗu, takardar sayen magani ke nan, ina tunanin ko gaskiyarsa ne.

Tunda likita ba ta ga komai ba, gida ya koma yaƙi da Asabar. Inna ta fara sadakar masa kowace Asabar da safe. Aka juya gadona ya kalli gabas. Aka karɓo rubutu na sha. Ni kuma, da yake ba na son camfi, na sayi kaye na fara bincike irin na masu ilimi. Kowace rana ina rubuta inda iska ta fito, zafin rana, abin da na ci, wane mai ga-ruwa ya kawo mana ruwa kuma daga wane famfo. A can gefe, don kawai kada layi ya zauna fanko, nakan rubuta yawan rigunan da muka buga. A cikin rani na zargi kankana. Na zargi wani famfo har na daina gaisawa da mai shi.

Ilu ne ya kawo dabarar da ta fi kowace. Ya ce wa Inna, “Gwaggo, tunda Asabar ke nemansa, mu ɓoye masa ita. In bai san ta zo ba, ita ma ba za ta gane shi ba.” Suka haɗa baki da duk gidan. Aka cire kalanda, aka ɓoye rediyo da salulata. Da gari ya waye Ilu ya shigo da fara'a.

“Lisansi, barka da Lahadi!”

Na ce, “Jiya ba Juma'a ba ce?”

“Wace Juma'a? Ka yi barci kwana biyu, bawana. Asabar ta zo ta yi sallama ba ta same ka ba, ta wuce Mirya.”

Ina kwance kamar buhun gero, kaina ba ya aiki, har na fara yarda. Sai muka ji sallama a tsakar gida. Madam Rifkatu ce, majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wani dispansar, Kirista, tsohuwar mai kawo mana aiki. Duk ranar Asabar take karɓar zannuwan matan cocinsu da muka buga, ta iske rumfa a rufe, aka nuna mata gida. Ta ɗaga murya ta ce, “Malam Ilu, ina kayanmu? Gobe Lahadi fa, da su za mu shiga coci!”

Inna ta saki muciya. Ilu ya fita da gudu yana cewa, “Madam, yau ce Lahadin, kin makara!” Ta ce, “Ni za ka koya wa Lahadi?”

Da aka yi mata bayani ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Amma da ta leƙo ta gan ni, dariyar ta tsaya. Ta kama hannuna, ta sa na zauna, ta ga yadda zuciyata ke gudu don zama kawai. Ta ce, “Wannan ba lalaci ba ne. Ban san mene ne ba, amma ba lalaci ba ne. Me kake rubutawa a kayen can?” Na gaya mata. Ta ce in ci gaba, kada in tsallake ko rana ɗaya. Ita ce mutum ta farko mai farar riga da ta ga ranar da nake faɗi, ba ranar da nake tsaye ba.

Ana haka rumfa tana lalacewa. Daga Asabar zuwa Talata Ilu shi kaɗai ne, kuma bugun mutum ɗaya ba ya fitar da ƙyalli irin na biyu. Masu kaya suka fara kaucewa. Wata biyu kafin babbar Salla Baba Kiyari ya kira ni. Ya ce, “Ɗana, ba korarka nake yi ba. Amma gungume na mutum biyu ne, kuma yanzu ɗaya da rabi nake gani. Ka yi aikin Salla. In ka tsaya da ƙafarka bayanta, wurinka ne. In ba ka tsaya ba, Ilu zai kawo wani.” Na ce, “Na ji, Baba, Allah ya ƙara girma.” Ba ni da wata sana'a. Diplom ɗina ma a ƙarƙashin katifa yake, gara ta fara cin hatimin.

Sallar ta faɗo ranar Talata a shekarar, wannan kam na tabbata. Saboda haka tururuwar kaya ta koma Litinin, jajibere. Na tashi ranar jikina sakayau, irin ranakun nan da ciwon yake yi maka kamar ya manta da kai. Na ce yau Baba zai ga aiki. Kayena ya ce riga talatin da ɗaya muka buga, Ilu ya ce sittin. Na buga har Ilu ya ce, “Kai, a hankali, itacen ba shi ya kayar da kai konkur ba.” Baba yana murmushi a kan tabarma. Ranar Salla na je idi da ƙafa, na taya gyara rago, na taya jera shi a bakin wuta. Ina ta lissafi a raina cewa saura kwana huɗu kafin Asabar, in na tsallake ta na tsira.

Laraba da safe ƙafata ta ƙi sauka daga gado.

Ilu ya shigo da tiren nama, don ranar ce ake rabo. Ya tsaya ya dube ni. Ya fita ya dubi kalanda. Ya dawo ya sake dubana. Sai ya ƙwala ihu, “Gwaggo! Asabar ta zo ranar Laraba!” Inna ta ce wa bango, “Innalillahi, ta koyi sauya rana.” Da tiren a kansa ya hau kabu-kabu zuwa gidan Madam Rifkatu, wadda dama tana cikin waɗanda za a kai wa nama, yana gaya wa duk wanda suka wuce cewa Asabar ta ɓalle.

Madam ta zo da tabaraunta. Ba ta taɓa ni ba ma, ta ce a ba ta kaye. Ta zauna a bakin gado tana bin shafi da yatsa, tana tsallake iskata da kankanata. Can ta tsaya.

“Wannan Asabar ɗin ta cikin Agusta, ka rubuta ka je kasuwa. Yaya aka yi?”

Inna ta amsa daga waje, “Satin da aka sha rubutu ne.”

Madam ta ce, “Inna, Allah ya karɓa. Amma ku ji abin da ya rubuta ranar Alhamis ɗin: ruwa tun safe, ƙaro bai bushe ba, riga sifili.” Ta juya shafi. “Nan Alhamis riga ashirin da biyu, Asabar kwance. Nan sha tara, Asabar kwance. Shekaranjiya talatin da ɗaya, yau kwance.” Ta cire tabarau. “Malam Laminu, kai da lisansinka, ka auna iska, ka auna rana, ka ɓata da mai famfo, ba ka taɓa duba hannunka ba? Ba Asabar ke kayar da kai ba. Alhamis ce. Kwana biyu take yi kafin ta iso.”

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Ba na iya ɗaga kai, amma dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da sauti, sai hawaye suna shiga kunne. Ilu ya faɗi ƙasa yana dukan tabarma yana cewa, “Mun yi shekara muna ba Asabar masa, ashe ɓarauniyar tana zaune a rumfa!” Inna ta ce wa bango, “To ai ni dama ban taɓa son Alhamis ba.”

Wannan faɗuwar ta fi kowace. Na yi kusan sati uku kafin in iya zama a kan moto, wato babur. Madam ta rubuta mini takarda zuwa wani likita a babban asibiti, ta ce in tafi da kaye duka, har wanda akuya ta taɓa. Mutumin ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi: ya karanta. Ya sake sa aka yi mini analiz, wato gwaji, na hanta, na ƙoda, na maƙogwaro, da wasu da ban riƙe sunansu ba, don ya ce ba a kiran sunan wannan ciwo sai an kori sauran. Da sakamako ya fito ya zaunar da ni. Ya ce abin da ya fi zato shi ne ciwon gajiya mai naci, ya rubuta mini sunan da Faransanci. Ya ce yakan biyo bayan zazzaɓi, kuma babbar alamarsa ita ce wadda kayena ya nuna, mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, faɗuwar ta zo bayan kwana ɗaya ko biyu.

Na ce, “Likita, allura nawa ne?”

Ya ce, “Babu allura. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba mu da maganin da ke cire shi. Zan taimaka maka da barci da ciwon jiki, kuma ka riƙa dawowa ina ganinka. Sauran aikin naka ne. Ka nemo iyakar abin da jikinka ke ɗauka, ka riƙa tsayawa kafin ka kai ta. Ranar da ka ji ƙarfi, ita ce ranar da za ka fi jin tsoro.”

Ya kamata a ce na fito da baƙin ciki, tunda an ce babu magani. Amma na fito ina washe baki kamar an ba ni aikin gwamnati. Ciwona yana da suna, an rubuta shi a takarda, da hatimi. Na karanta wa ɗan kabu-kabu sunan sau biyu a hanya. Ya ce, “Allah ya sanya alheri, Alhaji,” don ya ɗauka muƙami ne.

Saura Baba. Ban tsaya da ƙafata bayan Salla ba, kuma sharaɗi sharaɗi ne. Muka je ni da Ilu, na durƙusa na yi bayani da kaye a hannu, ina ta kawo wataƙila da mai yiwuwa, har Ilu ya gaji ya karɓe maganar.

“Baba, a taƙaice, Alhamis ce mai laifi. A kashe Alhamis.”

“A kashe ta yaya, don ubanka?”

“A raba ta. Riga huɗu kullum, daga Litinin. Wanda ya kawo kaya Alhamis da hantsi ya wuce rumfar gaba.”

Baba ya ce tun kakansa ba a taɓa korar kayan Alhamis ba. Ilu ya ce, “Baba, kun ce gungume mutum biyu ne. Ba ku taɓa cewa awa nawa ba.” Baba ya ja carbi ya kai ƙarshe, ya sake jawowa. Ya dube ni, ya nuna Ilu da carbi, ya ce, “Mushe, in na kawo wani, shekara nawa zai yi kafin hannunsa ya san na wannan mahaukacin?” Na ce, “Ni na yi biyar, Baba, amma mai yiwuwa wani ya fi ni sauri.” Ya ce, “Kai ko kanka ba ka iya karewa ba. Ku gwada zuwa ƙaramar Salla. In rumfa ta mutu, ku biyu zan binne a ƙarƙashin gungumen.”

Awon lokaci ya ba mu wahala da farko, don in bugu ya yi daɗi ba wanda ke duba agogo. Sai muka koma ga butar shayi. Ilu ya ɗora ta a kan gawayi, mu fara bugu. Da ta tafasa ta fara ɗaga murfi, in ajiye ɗan bugu ko a tsakiyar hannun riga ne, in kwanta a bayan rumfa in rufe ido da hula, shi kuma ya yi ninki da ƙaro da ƙananan kaya. Tafasa uku a yini, ba ƙari. Na gwada huɗu sau biyu, kuma sau biyun na ga sakamako bayan kwana biyu daidai, kamar an aiko da takardar sammaci.

Masu kaya ne suka fi wuya. Wasu sun tafi, ba su dawo ba, ban kuma ga laifinsu ba. Wani Alhaji mai shagon tayoyi ya yarda ya kawo rigarsa Litinin, amma da ya zo karɓa ranar Alhamis ya taɓa ta ya ɓata fuska. Ya ce, “Wannan ai ta huce.” Ya saba karɓar riga da ɗumin bugu a jikinta, kamar burodi. Na fara yi masa bayanin cewa shaddar da ta kwana uku a ninke a ƙarƙashin nauyi ta fi riƙe ƙyalli, abin da nake ganin gaskiya ne ko da yake ban auna ba. Ilu ya ce, “Alhaji, ba taka ba ce wannan, taka tana ciki.” Ya zaga baya, ya ɗora ta a kan kwanon rufi minti biyar, ya kawo ta da zafi. Alhaji ya rungume ta ya ce, “Yawwa, ko kai fa.” Har yau duk ranar Alhamis rufin rumfarmu cike yake da rigunan da aka buga tun Litinin suna shan rana. Ina jin nauyin wannan a raina, na kuma sha gaya wa Ilu cewa ya yi kama da yaudara. Ya ce rana ta Allah ce, riga ta Alhaji ce, ina yaudarar?

Ƙaramar Salla ta zo, Baba bai ce komai ba. Ta biyu ta zo, bai ce komai ba. Har Allah ya karɓi abinsa bai sake ta da maganar ba, sai dai a shekararsa ta ƙarshe shi da kansa yake tsawata mini in buta ta tafasa ban ajiye ba. Ban warke ba, kada wani ya karanta wannan ya ce na ce shayi magani ne. Ina zuwa ganin likitana, akwai watannin da nake komawa tafasa biyu, akwai bukukuwan da ba na zuwa. Abin da ya yi mini aiki mai yiwuwa ba zai yi wa wani ba. Amma ina kan gungumen, wurin da na zauna tun farko, Ilu yana gabana yana zagina.

Saboda haka samarin fada, in kun ga na ajiye ɗan bugu na kwanta da rana tsaka, ba sauƙin aikin ba ne. Wanda yake ganin duka ne kawai, ya zo ranar Talata, ya zo da rigarsa, ba ta mutane ba.

Waɗanda suka ga wannan al'amari da idonsu suna nan da rai, ban da Baba, Allah ya jiƙansa. Madam Rifkatu ta yi ritaya amma tunaninta ya fi nawa kaifi, kuma ta riga ta ce ba a kan turmi ta zauna ba, a kan kujera ce. In akwai wanda ya tuna yawan rigunan jajiberen nan, ko ya san wani wuri da na karkace, ina roƙonsa ya aiko a gaya mini ko ya zo da kansa in gyara, ban da Ilu, wanda na riga na ji nasa. Rumfar tana nan inda take, ku bi ƙarar. Ko ranar Asabar ce ku zo, galibi za ku iske ni zaune. In kuma kuka iske ni kwance, kada ku tambayi wace rana ce. Ku tambayi abin da na yi shekaranjiya.